Kunnen Ɓera Ya Tona Asirin Kurumta

Hausawa sun ce kunne ya girmi kaka, domin ta hanyarsa ne mutum ke jin labarin abin da ya faru tun ba a haife shi ba. Amma shi kunnen kansa ya daɗe yana ɓoye ma likitoci nasa labarin. Fatar nan da muke gani a gefen kai mazurari ce kurum, mai tattara ƙara ta tura ta ciki. Ainihin wurin ji yana can bayan dodon kunne, a binne cikin ƙashin da babu wanda ya fi shi tauri a jikin mutum, inda wuƙar likita ba ta isa sai ta yi ɓarna. Huhu ko hanta, ana iya ɗibar ɗan yanki a duba, mai shi ya tashi ya koma gida. Kunnen ciki kuwa, ranar da aka buɗe shi don a duba, ranar ce mai shi zai rabu da jinsa.

Wannan ne ya sa masana suka koma ga ɓera, ko kusu kamar yadda da yawa daga cikinmu ke kiransa. Dabbar nan da muke fatattaka daga rumbu ita ce ta amsa ma likitoci tambayar da iyayen kurame suka daɗe suna yi: me ya sa ji in ya tafi ba ya dawowa? Amsar tana cikin wani ɗan ɗaki mai girman ƙwayar gero, da cikin ruwan da ke cikinsa.

Me ya sa aka zaɓi ɓera?

Kunnen ciki na ɓera da na mutum gini ɗaya ne, girma ne ya bambanta. Ɓera tana ɗaukar ciki kwana 20 ko kusa da haka, ta haifi ƴaƴa da yawa, ran ɓera kuwa ba ya cika wuce shekara 2 zuwa 3. Saboda haka mai bincike na iya ganin kunne tun daga farkon gininsa har zuwa tsufansa cikin ɗan lokaci. Bugu da ƙari, ɗan mutum yana fara ji tun yana cikin uwarsa, amma ɗan ɓera kurma ake haihuwarsa, sai ya yi kamar kwana 12 a duniya sa'an nan jinsa ya buɗe. Ke nan abin da ke faruwa a ɓoye cikin mahaifar mace, a wurin ɓera yana faruwa a fili, kwana bayan kwana.

Tun shekarar 1929 aka kafa gidan kiwon ɓeraye na Jakson a jihar Men ta Amurka, inda ake adana zuriya iri iri, kowace da halinta na gado. A cikinsu akwai waɗanda aka lura suna girgiza kai, ko suna kewayawa wuri guda kamar masu bin wutsiyarsu, kuma ko an tafa hannu ba su firgita. Waɗannan kuramen ɓeraye su ne suka zama littafin karatun masana. A shekarar 2002 aka fitar da jerin dukan saƙonnin gado na ɓera, watau abin da masana ke kira jen, aka ga mafi yawansu suna da takwarorinsu a jikin mutum.

Duba kunnen ɓera aiki ne na haƙuri. Ana fitar da ƙashin, a jiƙa shi cikin ruwan magani mai hana nama ruɓewa, sa'an nan a bar shi kwanaki cikin wani ruwan mai tsotse kalsiyom har ƙashin ya yi laushi kamar guringuntsi. Daga nan a yanka shi siraran yanka, kowane bai fi ƴan mikron ba, mikron kuwa kashi ɗaya ne cikin 1,000 na milimeta. A rina yankan, a ɗora ƙarƙashin madubin likita, watau mikroskop. Ɗaya daga cikin rinin da aka fi amfani da su daga dafin wata laimar kwaɗi ta Turai ake samunsa. Shi ne ke manne ma gashin da za mu yi bayani nan gaba, ya sa shi ƙyalli cikin duhu.

Ginin katantanwa

Ƙara iska ce mai kaɗawa. Tana bugun dodon kunne, dodon kunne ya motsa wasu ƴan ƙasusuwa uku, na ƙarshensu ya tura wani ɗan tantani da ke bakin kunnen ciki. Sashen ji na kunnen ciki bututu ne a naɗe kamar katantanwa, don haka da sunan katantanwa ake kiransa a harsunan Turai, mu ma haka za mu kira shi. Ta mutum ta kai girman ƙwayar wake, naɗinta biyu da rabi ko fiye kaɗan, in an warware ta tsawonta ya kai milimeta 35. Ta ɓera naɗinta bai cika biyu ba, tsawonta kuwa kamar milimeta 6 ne.

In aka yanka bututun a gicciye, sai a ga an raba shi hawa uku: ɗakin sama, ɗakin tsakiya da ɗakin ƙasa, dukansu cike da ruwa. A kan daɓen ɗakin tsakiya ne gaɓar ji take zaune. Wani ɗan Italiya mai suna Alfonso Korti shi ne ya fara bayyana ta a shekarar 1851, sa'ad da yake aiki a birnin Wurzburg na Jamus, kuma da Faransanci ya rubuta bayanin nasa. Har yau da sunansa ake kiranta.

A cikin gaɓar Korti akwai ƙwayoyin halitta masu gashi a ka, an jera su layi huɗu tun daga gindin katantanwa har ƙoli: layi ɗaya na ciki, layi uku na waje. Kunnen mutum ɗaya yana da na ciki kamar 3,500, na waje kamar 12,000. Ɓera kuwa na cikinsa ba su kai 1,000 ba, na waje sun ninka su sau uku da wani abu. Mai karatu ya auna wannan da idonsa, wanda ke da ƙwayoyin gani fiye da miliyan 100. Jarin ji ƙarami ne ƙwarai, kuma da shi ake haihuwar mutum, ba a ƙara masa ko ɗaya.

Daɓen da ƙwayoyin ke zaune a kai ba ɗaya yake ba daga farko zuwa ƙarshe. A gindi siriri ne mai tauri, a ƙoli ya fi faɗi da laushi. Duk wanda ya ga makaɗi ya matse kalangu ya san fata in ta ɗame muryarta sirancewa take yi. Haka gindin katantanwa ke amsa siririyar ƙara, ƙolinta ya amsa kakkaura. Jorj fon Bekesi, haifaffen ƙasar Hangari, shi ne ya nuna yadda igiyar motsi ke bin wannan daɓe, aikin da ya samo masa kyautar Nobel a 1961. Matashi mai lafiyar kunne yana jin ƙarar da ke kaɗawa daga sau 20 zuwa sau 20,000 a sakan. Ɓera bai iya jin kakkaurar ƙara sosai ba, amma yana jin siririya har fiye da sau 70,000 a sakan. Kukan da jariran ɓera ke kiran uwarsu da shi, mutum ba ya jinsa ko yana tsaye kansu.

Zare da ƙofa

Abin da ake kira gashi a nan ba irin gashin kai ba ne. Ƴan sanduna ne masu tauri, cike da wani furotin mai suna aktin, an jera su kamar matakala: gajere, matsakaici, dogo. Daga kan kowane gajere akwai wani ɗan zare da ya tashi ya kama gefen dogon da ke bayansa. Sai da madubi mai aiki da lantarki aka iya ganin zaren nan, a 1984. In daɓe ya motsa, gashin ya karkata wajen dogayen, zaren ya ɗame ya ja wata ƴar ƙofa ta buɗe, kamar yadda igiya ke jan ƙyaure. Motsin da ake bukata don a ji ƙara mafi rauni bai wuce kashi ɗaya cikin miliyan na milimeta ba.

Kuramen ɓeraye ne suka faɗi abin da aka yi waɗannan kaya da shi. Wata zuriya mai girgiza kai, wadda aka sani tun 1929, a 1995 masana na Ingila, cikinsu har da Karen Stil, suka gano furotin mai suna miyozin 7A ne ya lalace a jikinta, gashin ya yamutse. A cikin shekarar nan ɗaya, ƙungiyar Kiristin Peti ta Cibiyar Pastor a Paris ta nuna wannan jen ɗin ne ke kawo wani nau'in ciwon Usha ga mutane, inda ake haihuwar yaro kurma, daga baya dundumi ya kama shi, gani ya dinga raguwa. Wasu zuriya biyu masu kewayawa su ne suka kai masana ga furotin biyu da aka tufka zaren da su, kaderin 23 a sama da furotokaderin 15 a ƙasa, abin da aka tabbatar a 2007. Ita kuwa ƙofar, a 2002 aka samu jen ɗinta, TMC1, a jikin mutane da kuma wasu ɓeraye, ɗaya an laƙaba masa sunan Betoben, mawaƙin Jamus da ya kurumce. Sai a 2018 masana a birnin Boston suka nuna lalle furotin nan shi ne ramin ƙofar.

Zaren yana bukatar kalsiyom don ya riƙe. In an cire kalsiyom daga ruwan sai ya tsinke, ƙwayar ta daina ji nan take. Amma matuƙar ƙwayar na da rai, tana sake ɗaura shi cikin kwana ɗaya ko biyu.

Ruwa biyu da pil

To, in ƙofa ta buɗe, me ke shiga? A nan ne sinadarin kunne ya sha bamban da na sauran jiki. Ruwan da ke kewaye da ƙwayoyin jiki, ko'ina, sodiyom ne ya yi masa yawa, watau abin da ke cikin gishirin Bilma da muke sa ma miya. Potasiyom kuwa, wanda ke da yawa cikin ruwan toka, a cikin ƙwayoyi yake ɓoye. Ruwan ɗakin sama da na ƙasa na katantanwa sun bi wannan ƙa'ida. Ruwan ɗakin tsakiya ne ya juya ta: potasiyom ɗinsa ya ninka na ruwan maƙwabtansa kamar sau 30, sodiyom kuwa kusan babu. Katarin Simit da abokan aikinta ne suka auna wannan a birnin San Luwis na Amurka a 1954, a kunnen ɓeran Masar. A kunnen ɓera, dukan ruwan ɗakin tsakiya bai kai kashi ɗaya cikin 100 na ɗigo guda ba.

Har wa yau ruwan nan yana ɗauke da lantarki. Bekesi ya gano haka a 1952. Ƙarfinsa a kunnen ɓera ya kai kusan kashi ɗaya cikin 10 na bolt, alhali pil ɗin tocila bolt 1 da rabi ne. Cikin ƙwayar mai gashi kuwa lantarkin akasin haka yake. Saboda wannan rata, da zarar ƙofa ta buɗe sai potasiyom ya kwarara ciki kamar ruwan da aka fasa ma madatsa, ƙwayar ba ta kashe ƙarfinta ba ko kaɗan. Wannan kwarara ita ce farkon ji.

Mai cajin pil ɗin wani siririn nama ne a bangon waje na ɗakin tsakiya, cike da ƙananan jijiyoyin jini, don haka ake kiransa zirin jini. Hawa uku gare shi. Ƙwayoyin hawan gaba suna tsotso potasiyom su zuba cikin ruwan ba dare ba rana. Ƙwayoyin hawan tsakiya su ne ke haifar da lantarkin. Potasiyom ɗin da ya shiga ƙwayar mai gashi yana fita ta ƙasanta, ya bi bango ya koma zirin jini, a sake zuba shi. Hikimar wannan tsari ita ce aiki mai nauyi da gudun jini suna can gefe, nesa da gashin da ke sauraro.

Kowane mataki na wannan zagaye an gwada shi a jikin ɓera. A 1996 aka cire jen ɗin wata ƙofar potasiyom ta hawan gaba: ruwan ya ƙafe, rufin ɗakin tsakiya ya faɗo kan gaɓar Korti. Irin wannan ƙofa tana cikin zuciya ma, shi ya sa a wani ciwon gado da likitoci biyu na ƙasar Nowe suka bayyana a 1957, yaro kan zama kurma kuma ya riƙa suma saboda rikicewar bugun zuciya. A 2002, a jihar Kansas, aka cire ƙofar hawan tsakiya: lantarkin ya ɓace, ɓeran ya kurumce.

Wani abin mamaki shi ne, ƙwayoyin hawan tsakiya dangin waɗanda ke ba fata da gashi launi ne. A 1989 Karen Stil ta nuna cewa ɓeraye masu farin tabo, waɗanda ƙwayoyin launi ba su isa kunnensu ba, pil ɗinsu ba ya caji. Wannan ne ya bayyana abin da masu kiwon kyanwa a Turai suka daɗe da lura da shi, cewa farar kyanwa mai shuɗin ido sau da yawa kurma ce. Amma kada a rikita wannan da zabiya. Zabiya yana da ƙwayoyin, launin ne kurum ba su yi, saboda haka pil ɗinsa na aiki.

Tsakanin ƙwayoyin da ke tallafar masu gashi akwai ƙananan hanyoyi da gishiri da abinci ke bi daga wannan zuwa waccan. Furotin da aka gina su da shi, koneksin 26, lalacewarsa ce aka gano a 1997 ita ce kan gaba wajen kawo kurumtar gado a ƙasashe da yawa. A 1998 aka samu wani nau'in wannan lalacewa a ƙauyen Adamorobe na ƙasar Gana, ƙauyen da kurame suka yi yawa har suka samu nasu yaren hannu. A nan kuma ɓera ya nuna iyakarsa: in an cire masa jen ɗin nan gaba ɗaya, mutuwa yake yi tun a ciki, alhali mutum yana rayuwa lafiya in ban da rashin ji. Sai da masana a Paris suka cire shi a kunne kaɗai, a 2002, suka iya ganin yadda ƙwayoyin ke mutuwa bayan buɗewar ji.

Masu faɗa da masu ƙara murya

Layin ciki da layukan waje ba aiki ɗaya suke yi ba. Kashi 95 cikin 100 na jijiyoyin da ke kai saƙo ƙwaƙwalwa, ga ƙwayoyin ciki suke manne. A kunnen ɓera kowace ƙwaya guda tana da jijiya 10 zuwa 20. Su ne masu faɗa. In potasiyom ya shiga, kalsiyom kan biyo ta ƙasa, sai ƙwayar ta fesa ma jijiya wani sinadari mai suna gulutamat. Furotin da ke jin zuwan kalsiyom ya saki sinadarin sunansa otoferlin. Ƙungiyar Kiristin Peti ce ta gano shi a 1999 wajen wani iyali na ƙasar Libanan, a 2006 kuma ta nuna aikinsa a jikin ɓera: gashi lafiya, pil lafiya, jijiya lafiya, amma saƙo ba ya ƙetarawa.

Ƙwayoyin waje kuwa masu ƙara murya ne. A 1985 aka ga suna gajarcewa suna miƙewa in lantarki ya canja, sau dubbai a sakan, suna ƙara ma daɓe motsi. Furotin da ke wannan aiki, firestin, an gano shi a shekarar 2000 a ɗakin binciken Pita Dalos kusa da Shikago. Da aka cire shi daga ɓera a 2002, jin ya ragu da desibel 40 zuwa 60, watau maganar hira ta koma kamar raɗa ko ƙasa da haka. Motsin nan yana fitar da wata ƴar ƙara daga kunne zuwa waje, abin da Debid Kem ya gano a Landan a 1978. Da ita ake gwada jin jarirai sabbin haihuwa: a sa ɗan na'ura a kunne, cikin ƴan mintoci a san ko ƙwayoyin waje na aiki, jaririn yana barci.

Tsakuwar daidaito

Kusa da katantanwa, cikin ƙashin nan ɗaya, akwai bututu uku masu lanƙwasa da ƴan jakunkuna biyu. Su ne ke gaya ma ƙwaƙwalwa inda kai ya juya da inda ƙasa take. A cikinsu ma ƙwayoyi masu gashi ne ke aiki. A cikin jakunkunan an yayyafa ma gashin wasu ƴan tsakuwoyi masu girman ƴan mikron, sinadarinsu ɗaya da farin dutsen da ake yin siminti da shi a Malbaza. Nauyinsu ne ke karkata gashin in an sunkuya. Akwai zuriyar ɓeraye da ake haihuwa babu tsakuwar: suna ji sarai, amma kansu a karkace, kuma in an sa su cikin ruwa ba su san sama da ƙasa ba. A wurin mutum, musamman tsoho, tsakuwar kan ɓalle ta faɗa cikin bututu, sai jiri ya ɗebe shi in ya juya a shimfiɗa. Likita na iya mayar da ita ta hanyar jujjuya kan mai ciwon bisa tsari.

Abubuwan da ke cinye jarin

Tsufa na farko. Zuriyar C57BL/6, baƙin ɓeran da aka fi amfani da shi a ɗakunan bincike, tun yana ɗan watanni yake fara rasa siririyar ƙara, alhali wata zuriyar, CBA, tana riƙe jinta har tsufa. A 2003 aka gano bambancin: harafi ɗaya ne a cikin jen ɗin kaderin 23, mai raunana zaren. A wurin ɓera da mutum duka, ɓarna daga gindin katantanwa take farawa. Shi ya sa dattijo kan ce yana jin magana amma ba ya gane ta, domin sautuka irin su «s» da «sh» da «ts» sirara ne, su ne ke fara ɓace masa.

Sai ƙara mai ƙarfi. A 2009 Sharon Kujawa da Carls Libaman, a Boston, suka sa ɓeraye cikin ƙarar desibel 100 na awa 2. Jinsu ya dushe, bayan mako 2 awo ya nuna ya dawo daidai. Amma da aka duba da madubi, sai aka tarar a wasu sassan katantanwa kusan rabin mahaɗan da ke tsakanin ƙwayoyin ciki da jijiyoyi sun tsinke, jijiyoyin kuma suka riƙa mutuwa sannu a hankali cikin watanni. Mai injin niƙa, da mai walda da bugun ƙarfe, da mai zama gaban lasifikar biki, in ya ce kunnensa ya toshe jiya amma yau ya buɗe, to ya sani buɗewar nan ba shaida ba ce cewa babu abin da ya rasa. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ce iyakar abin da kunnen babba ke ɗauka lafiya shi ne desibel 80 na awa 40 a mako. Kowane ƙarin desibel 3 kuwa yana rage lokacin da rabi.

Na uku magunguna. Allurar sitireptomisin, wadda aka gano a Amurka a 1943, ta ceci masu tarin fuka da yawa, amma tun farko aka ga tana taɓa kunne. Ita da danginta, jantamisin da kanamisin da amikasin, ta ƙofar nan ta gashi suke shiga ƙwaya su kashe ta, daga layukan waje na gindi zuwa sama. A 2018 OMS ta cire kanamisin daga magungunan da take shawarta don tarin fuka mai gardama. Furosemid, maganin sa fitsari, in ya yi yawa yana tsayar da famfon zirin jini na ɗan lokaci, haɗa shi da waɗancan allurai kuwa yana tsananta ɓarna. Da wannan haɗi ne ma masu bincike ke kurumtar da ɓera da gangan. Sisfilatin, maganin ciwon daji, an nuna a 2017 yana taruwa cikin zirin jini na ɓera da na mutum, ya zauna watanni ko shekaru. Kinin kuwa yana sa kunne ƙugi da dushewa, amma galibi yana saki in an daina. Waɗannan duka magunguna ne masu ceton rai in likita ya auna su. Haɗarin yana wajen allurar da aka sayo a kasuwa, aka yi ba awo.

Na huɗu sanƙarau, wanda ƙasarmu ta san shi sarai, domin Nijar tana tsakiyar yankin da cutar ke tashi lokacin hunturu da bazara. Akwai wata ƴar hanya da ta haɗa ruwan ƙwaƙwalwa da ɗakin ƙasa na katantanwa. Gwaji a jikin ɓeraye da danginsu ya nuna ta nan ƙwayoyin cuta da ruwan mugunya ke bi, su lalata gindin katantanwa tukuna. Bayan haka ƙashi kan tsiro ya cike bututun, wani lokaci cikin ƴan makonni, abin da ke wahalar da dasa na'urar ji ta lantarki in an makara. OMS ta ce ɗaya cikin 5 na waɗanda suka tsira daga sanƙarau yana tashi da wata naƙasa, rashin ji kuwa yana kan gaba. A 2010 Nijar da Mali da Burkina Faso suka fara allurar rigakafin MenAfriVac, wadda ta karya lagon nau'in A na cutar, ko da yake nau'in C ya yi annoba a 2015.

Ko ji zai dawo?

A 1988 ƙungiyoyi biyu a Amurka suka nuna cewa ɗan tsako da makwarwar Turawa suna sake tsirar da ƙwayoyi masu gashi bayan ƙara ta kashe su. Kifi ma haka. Jaririn ɓera yana da ɗan wannan iko a kwanakin farko na haihuwa, amma kafin ya cika mako ya rasa shi. A katantanwar babban ɓera da ta mutum, wurin da ƙwaya ta mutu maƙwabta ne ke rufe shi da tabo. A 1999 ɗakin binciken Huda Zogbi, haifaffiyar Libanan mai aiki a Hustan, ya gano jen ɗin da ke umartar ƙwaya ta zama mai gashi. An yi ta kunna shi a kunnen manyan ɓeraye, amma ƙwayoyin da ke fitowa ba su kan balaga su yi aiki sosai ba.

Inda aka ci nasara shi ne inda ginin ke tsaye, kaya ɗaya ne ya ɓata. A 2019 masana na Cibiyar Pastor da abokansu na Amurka suka raba jen ɗin otoferlin gida biyu, domin ya fi ƙarfin abin ɗaukarsa, suka loda kowane rabi cikin ƙwayar birus marar cutarwa, suka zuba a kunnen kuramen ɓeraye. Rabi biyun suka haɗu cikin ƙwaya, ɓerayen suka ji. A ƙarshen 2022 likitoci a birnin Shangai na ƙasar Sin suka fara gwada wannan ga yara, a farkon 2024 suka ba da labarin yara 6, 5 daga cikinsu sun samu ji. Daga gano furotin zuwa jin yaro na farko an ɗauki fiye da shekara 20. Sai dai kurumtar otoferlin kaso kaɗan ce cikin kurumtar gado, kuma maganin ba ya tayar da ƙwayar da ta riga ta mutu.

A rahotonta na 2021, OMS ta ƙiyasta mutum miliyan 430 a duniya suna da rashin jin da ke bukatar taimako, ta kuma ce kusan kashi 60 cikin 100 na rashin jin yara ana iya hana shi. Abin da kunnen ɓera ya koyar ya yi daidai da wannan. A kai yara rigakafin sanƙarau da ƙyanda. Zazzaɓi mai sanƙarar da wuya a garzaya da shi gidan likita a ranar, wanda ya warke kuma a gwada jinsa ba da jinkiri ba. Kunne mai zubar da ruwa a nuna ma likita, kada a ɗura masa abin da aka ga dama. Mai aikin inji ya toshe kunnensa, mai shan allura in ya ji ƙugi ko jiri ya faɗa ma likitansa nan da nan. Yaron da ya kai wata 6 ba ya waiwayar ƙara, a kai shi a duba, domin wanda aka gane da wuri yana samun na'urar ji ko yaren hannu tun harshe bai wuce shi ba. Ƙwayoyi dubu 15 da ɗoriya ne a kowane kunne, da su za a yi dukan rayuwa, kuma wadda ta faɗi ba ta da magaji.